Wanda ya tura saƙon, yana da alhaki?

Tun watan Afrilun 2024, da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, maganar wuta ba ta bar bakin mutane ba. Mai injin niƙa na kuka, tela na kuka, mai sayar da ruwan sanyi ma haka. Ɓarayin waya kuwa sun ji kukan. Sai ga saƙonni a WhatsApp, wai gwamnati ko NEPA za ta mayar wa kowa rarar kuɗin wuta: latsa nan, sa lambar mita, sa BVN, sa lambar katin ATM, sannan ka rubuta lambar da banki zai turo maka. Da ka ba da ta ƙarshen, asusu ya zama wayam.

Gane ƙaryar ba wuya. Kamfanin wuta in zai mayar da wani abu, a yunit ko a takardar bil ake gani. Kuma mai ba ka kuɗi me zai yi da PIN ɗinka? Lambar nan da banki ke turowa mukullin fitar da kuɗi ce, ko ma'aikacin banki ba ya tambayarta.

Abin da ya fi damunmu shi ne hanyar da saƙon ke shigowa. Sau da yawa daga namu yake zuwa: guruf ɗin masallaci, na 'yan kasuwa, na 'yan gari ɗaya. Wani dattijo ya gani, ya ce bari jama'a su amfana, ya tura har da "a yaɗa don Allah". To idan wani ya bi saƙon aka kwashe masa jari, shi mai turawar fa?

Wasu za su ce ai alheri ya nufa, kuma Allah niyya yake duba. Haka ne, ba mu kira shi ɓarawo ba. Amma mu tuna a kan me Sabo ta zauna. Tun zamanin kakanni, baƙo ya sauko Ibadan da shanu ko ya zo sarin goro, maigida ne ke tsaya masa. Ɗan canji yana miƙa kuɗi masu yawa a kan magana kawai. In ka kai mutum wurin ɗan'uwanka ka ce "na san shi", ya ci bashi ya gudu, kowa ya san ƙofar da za a fara bugawa. Tura saƙo ma tsayawa ce. Ɗan okada ko tsohuwar da Turancinsu bai taka kara ya karya ba, sunanka da hotonka suka gani a sama, su suka gaskata. Ɓarawon da ba zai iya shiga layinmu ya nemi bashin naira ɗari biyar ba, ka ara masa mutuncinka ya shiga kowane ɗaki.

Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincikar labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani. A surar dai, aya ta 12 ta hana yawan zato, kuma nan ne wasu ke rikicewa, su ga kamar tambayar Alhaji "ina ka samo wannan?" rashin ladabi ne. A'a. Alhaji muna kyautata masa zato. Saƙon da babu wanda ya san marubucinsa kuwa, ba shi da wani mutunci da za a kare.

Ko mai turawa zai biya asarar? Wannan sai manyan malamai, kuma a ganinmu da wuya a ɗora masa. Amma akwai abin da ba zai kuɓuta daga gare shi ba. In ya gane ƙarya ce, ya koma guruf ɗin da ya tura, ya faɗa ƙarara, da murya ma in ya samu, saboda waɗanda ba sa karatu. Yawancinmu gogewa muke yi shiru, alhali saƙon ya riga ya kai Kano ya dawo.

Wanda kuma aka cuta, kunya ce ke hana shi magana, ga shi kowane minti kuɗi ke tafiya. Maimakon dariya da "kai ma da wayonka", a raka shi banki a rufe katin nan take, a kuma tambaye shi wa ya turo masa, domin a bi layin a sanar da sauran.