Wane Ne Ɗan Asali?

A shekarar 2013 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Gaia, domin ya auna matsayi da tafiyar taurarin da ke cikin gungun da ranarmu take ciki. Kafin a kashe shi a 2025, ya tattara bayanan taurari kusan biliyan 2. A 2018 masana suka gano daga bayanan nan cewa wani ɓangare na taurarin gungunmu baƙi ne. Daga wani ƙaramin gungu suka zo, wanda ya haɗe da namu kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce. Yau suna haskawa tare da sauran, kuma ido ba ya bambance su.

Wannan labari ya shafe mu, mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram, domin kalmar asali tana da nauyi a wurinmu. Da ita muke tambayar mai neman aure, da ita ƙaramar hukuma ke ba yaro takardar shaida ko ta hana shi, da ita kuma ake kafa hujja idan manomi da makiyayi suka yi saɓani a kan burtali.

To amma mu je Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Akwai zanen shanu a jikin duwatsun, waɗanda masu bincike suka fara nazari a shekarun 1950. Shanun ba su da tozo, ba irin waɗanda ake kaiwa kasuwanninmu yanzu ba ne. Waɗanda suka zana su sun riga mu zama a nan, sun yi kiwo, sun tafi, ko sunansu bai iso gare mu ba. Idan wanda ya fara zuwa shi ne mai ƙasa, to dukkanmu baƙinsu ne.

Wani zai ce asali ba abin wasa ba ne, shi ke riƙe zumunci da gado da sanin ya kamata. Gaskiya ne. Wanda bai san kakanninsa ba ya yi babban rashi. Sai dai sanin asali daban, mayar da shi sandar dukan maƙwabci daban. Tauraron Planck ya ƙiyasta shekarun sararin samaniya da biliyan 13.8. A wannan ma'auni, tazarar da ke tsakanin wanda kakansa ya zo shekara 300 da wanda ya zo shekara 30 ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Malamanmu sun koya mana cewa yin tafakkuri a kan halitta ibada ne, kuma amfaninsa shi ne tawali'u. Saboda haka idan aka kawo mana ƙarar baƙo, kafin mu tambayi daga ina kakansa ya zo, ya kamata mu fara tambayar wane ne aka zalunta.