Fatar Ariel da Ruhin 'Yar Ruwa

A watan Satumba na 2022 kamfanin Disney ya saki ɗan gajeren tallan sabon fim ɗinsa, The Little Mermaid. Tallan bai kai minti biyu ba. Kyamara ta nutsa cikin teku, ta ratsa tarkacen wani jirgi da ya nitse, sai ga 'yar ruwa Ariel tana rera waƙa, gashinta ja, fatarta baƙa. Halle Bailey ce, mawaƙiya Ba'amurkiya. Cikin 'yan kwanaki sama da mutum miliyan ɗaya suka danna alamar ƙi a YouTube. A kwanakin ne kuma iyaye baƙar fata suka riƙa ɗora bidiyon 'ya'yansu mata a TikTok. Yarinya ta ƙura wa allo ido, ta zabura, ta juyo ta dubi uwarta baki buɗe don murna, saboda 'yar ruwan ta yi kama da ita.

Rigimar ta faro tun Yulin 2019, lokacin da aka sanar da wadda za ta hau matsayin. Hujjar masu adawa ita ce Ariel ɗin da suka tashi da ita a fim ɗin zane na 1989 farar fata ce, labarin kuma na ƙasar Denmak ne, don haka a bar wa mai abu abinsa yadda ya rubuta.

Gaskiya ne Hans Christian Andersen, da ya wallafa labarin a 1837, ya siffanta 'yar ruwan da hasken fata da shuɗin ido. Amma duk wanda ya karanta har ƙarshe zai tarar da wata yarinya dabam da wadda ake faɗa a kanta. Ko suna ba ta da shi. Abin da ya hana ta sukuni shi ne maganar kakarta, cewa 'yan ruwa suna yin shekara 300 a duniya, in sun mutu su zama kumfa, shi ke nan, alhali ɗan Adam mai gajeren kwana yana da ruhi mai dawwama. Neman wannan ruhin, tare da son yarima, shi ya sa ta yarda mayya ta yanke mata harshe, ta karɓi ƙafafun da duk takin da ta yi kamar a kan kaifin wuƙa. Yarima ya auri wata. 'Yan'uwanta suka kawo mata wuƙa ta kashe shi ta tsira, ta ƙi, ta faɗa teku. Labarin ya ƙare da alkawarin cewa za ta sami ruhin bayan dogon zamani na aikin alheri. Labari ne na lahira da sadaukarwa. A 1989 Disney ta tsame ruhin gaba ɗaya, ta rufe da ɗaurin aure da biki, kuma ba a ji ko kusa da hayaniyar da aka yi a kan launin fata ba.

To mene ne ke sa mutumin labari ya zama shi ne? Tambayar tsohuwa ce, ta girmi silima nesa ba kusa ba. Malam Abdurrahman Al'akhdari, mai littafin Ahalari da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, yana da wani littafin a ilmin mandiƙi mai suna Sullam, inda ɗalibi ke koyon rarrabe siffar da take cikin zatin abu da wadda ta bijiro masa kawai. Rai da hankali suna cikin zatin mutum. Fari da baƙi, tsawo da gajarta, siffofi ne masu bijirowa, in an sauya su mutum yana nan a mutuminsa. Alƙur'ani ma, a Suratur Rum, ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji.

Sai dai mutumin labari ba shi da tsoka da jini. Labarinsa shi ne zatinsa, saboda haka gwajin a fili yake: a cire siffar, a ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. A gajeren littafin da Stephen King ya fitar a 1982, fursunan da ake kira Red farar fata ne. A fim ɗin The Shawshank Redemption na 1994, da aka ɗauko daga littafin, Morgan Freeman, baƙar fata, ya hau matsayin, labarin abota da haƙuri a kurkuku bai rasa komai ba, har aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Oscar. Shugaban James Bond, wanda ake kira M, namiji ne a littattafan Ian Fleming. Judi Dench ta karɓi kujerar a 1995 ta riƙe har 2012, kuma yau da yawa ita suke tunawa in an ambaci M.

Akwai kuma inda siffar ita ce ginshiƙin ɗakin. Othello na Shakespeare baƙo ne mai duhun fata a tsakiyar manyan birnin Benis, kuma da wannan baƙuntar makirin labarin, Iago, ya sami ƙofar shiga zuciyarsa. In an mai da shi ɗan gari, makircin ya rasa madafa. Haka nan mai shirya fim da zai ɗauko labarin Bayajida ya mai da Daurama namiji, ya rushe komai, domin auren da sauyin sarauta daga hannun mata zuwa maza su ne labarin.

Wani abin da masu ihu kan manta shi ne tarihin inda sauyin ya saba fuskanta. Shekara da shekaru Hollywood da makamantanta suna ɗaukar matsayin wasu al'ummu suna miƙa wa Turawa. John Wayne ya fito a Janjis Khan a 1956. Laurence Olivier ya shafa baƙin kwalli a fuska ya zama Othello a 1965. A 2016 aka cika Gods of Egypt da fararen 'yan wasa, har darakta Alex Proyas da kamfanin Lionsgate suka ba da haƙuri tun fim ɗin bai fito ba. A shekarar ce kuma aka ba Tilda Swinton matsayin wani tsohon malami namiji mutumin Tibet a Doctor Strange, abin da shugaban Marvel, Kevin Feige, ya yarda a 2021 cewa kuskure ne. Ƙwace gurbi daga hannun wanda dama 'yan kaɗan yake da su, da tsakura wa wani daga rumbun da ya cika, ba su zama ɗaya ba. Zagin wariyar launi da aka yi wa 'yar wasa baƙar fata Leslie Jones a Twitter bayan Ghostbusters na mata zalla a 2016, har ta janye daga dandalin na ɗan lokaci, ya nuna cewa wani fushin ba kishin labari ne ya kawo shi ba.

Bahaushe bai kamata wannan batu ya zame masa baƙo ba. Masu nazari sun bi sawun labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam har zuwa Alfu Laila, da tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm na Jamus, da shi kansa Andersen, akun da ke ba da labaran kuma asalinsa Indiya. Amma wa ya taɓa karanta littafin ya ji ƙamshin baƙo? Imam bai tsaya ga sauya sunaye ba. Ya kawo fada da dogarai, da alƙali da kasuwa, da salon maganar bafade, har labarin ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Kannywood ta bi hanyar da finafinan Indiya, Khusufi na Ali Nuhu daga Taal aka ɗauko shi, kuma masu kallo sun daɗe da sanin bambancin fim ɗin da aka rina shi har cikin zare da wanda aka sa wa hula da mayafi kawai.

Da wannan ma'aunin ya kamata a auna Disney. Halle Bailey ba ta ɓata Ariel da komai ba, domin muryarta da ƙishirwar ganin wata duniya su ne Ariel, kuma murnar yaran nan ta gaske ce, ba abin rainawa ba. Laifin kamfanin yana wani wajen: ya fi son juya tsohon tuwon da ya tabbatar zai sayu, fim ɗin kuwa ya tara sama da dala miliyan 560. Sauya fuskar tsohuwar jaruma ya fi arha a kan sauraron labaran da baƙar fata suke da su tun fil'azal. Sai a Fabrairun 2024 Disney ta fitar da Iwájú, wanda matasan kamfanin Kugali suka ƙirƙira suka kafa shi a Legas, da mutanensa da sunayensa tun daga tushe. Kashi shida ne kacal, kuma bai sami ko kusa da tallan da aka yi wa 'yar ruwa ba.