Tsakanin Kano da Jidda, Wa Muka Tsallake?

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda, in an ja layi miƙe, kilomita 3,400 ne da 'yar ɗoriya. Jirgi kan lanƙwame su cikin awa biyar. Mutum ya yi Azahar a Fagge, ya yi Lisha a bakin Bahar Maliya. Mukan ce nisa ya ƙare. To, 'yan'uwa, da nisan ya ƙare, me ya tafi da shi?

Kakanninmu da ƙafa suka auna wannan hanya, wasu bisa jaki. Su bi ta Barno, su faɗa ƙasar Cadi, su yada zango a Abeche, sannan Fashir, sannan Ubayyid, har Sawakin inda ake tsallaka teku. Guzuri ba ya kai kowa. Sai mutum ya tsaya ya yi noman damina ɗaya ko biyu, ko ya yi ƙodagon tsinkar auduga a Jazira, ya tara na gaba. Wani shekara uku, wani bakwai. Wani kuwa can ya yi aure, can ya tsufa. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, jikokinsu suna nan suna Hausa.

Kada a ɗauka wahala muke yabo. Ƙishirwa ta kashe mutane a wannan hanya, 'yan fashi sun tare wasu, an sayar da wasu bayi. Tsohuwar da jirgi ya kai ta ga Ka'aba da idonta, wa zai ce an cuce ta? Addini ma bai ce a je neman wahala ba.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya daban ne. Matafiyin ƙafa dole ya ci bashin alheri. Ya sha ruwan rijiyar wanda bai sani ba, ya kwana a zauren wanda ba ya jin harshensa, in ya rasu su ne za su yi masa sutura. Da ya komo gida, sunayen garuruwan nan ba sa fita bakinsa, 'ya'yansa ma su haddace. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Mu kuwa a kujera muke, an ɗaure mana ciki da ɗamara, an miƙo mana shinkafa a faranti. Ba mu roƙi kowa ruwa ba, saboda haka muna ganin ba wanda ke binmu komai.

Shin bashin da kaka ya ci yakan faɗi don jika ya sauya hanya? Yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023. Ya ci Jazira, aka yi wa Fashir ƙawanya a 2024, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Mun ji a rediyo, muka ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da lissafin kuɗin kujera. Da muka shimfiɗa taswira a aji muka ce ɗalibai su nuna Jidda, hannuwa suka tashi rututu. Da muka ce Fashir, sai ɗaya ya tambaya ko a Indiya take.