Idan Bulala Ta Sauka A Bayan Wani

A Littafin Ayyukan Manzanni, sura 22, an ɗaure Manzo Bulus a Urushalima domin a tsane masa jiki da bulala. Da ya bayyana cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, nan take sojoji suka ja da baya. Mukan yi murna da kuɓutarsa, amma akwai abin da ya kamata ya dame mu: da a ce ba shi da wannan gata, da bulalar ta sauka, ba kuwa mai cewa uffan. Ashe asalin mutum ne ke kāre bayansa, ko kuwa kasancewarsa halittar Allah?

Mu duba ƙasarmu. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe matasa 6 a Abuja, maza 5 'yan kasuwar Apo da mace ɗaya, yawancinsu Ibo, aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ƙaryata wannan zargi, amma sai a Maris na 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda 2 hukuncin kisa, ta sallami 3. Iyayensu sun jira kusan shekara 12. A Maris na 2025 kuma, a Uromi ta Jihar Edo, 'yan sintiri da taron jama'a suka hallaka mafarauta 16 da ke komawa gida Kano domin Sallah, bisa zaton masu garkuwa da mutane ne. A duka biyun, an fara laƙaba wa mutum suna, sa'an nan aka ɗauki ransa.

Mu auna zukatanmu da gaskiya. Wanne ya fi sosa mana rai? Da yawanmu mun yi kuka domin ɗaya, muka yi gum a kan ɗayan, gwargwadon harshenmu ko addininmu. Wannan kuwa son kai ne, ko da mun kira shi neman adalci.

A nan Babban Mutum, bakin iyakar Nijar, ba sai mun je nesa ba. Ran kasuwa, idan aka tsare yaron Fulani ko baƙo daga ƙetaren iyaka, aka fara marinsa kafin a ji ta bakinsa, sau nawa muke cewa a zuci, ai su ne? Mu da muka san zafin a raina mutum saboda bangaskiyarsa, bai kamata mu auna wa wani da mudun da muka ƙi ba.

Ba muna cewa ɗan sanda maƙiyinmu ne ba. Da yawansu 'ya'yanmu ne, wasu sun rasa rayukansu wajen kāre ƙauyukan Jihar Katsina daga 'yan bindiga. Da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai ce su ajiye aikinsu ba; ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Tsarin Mulki na 1999 ya hana azabtarwa a sashe na 34, ya hana nuna bambancin ƙabila ko addini a sashe na 42, dokar 2017 kuma ta mai da azabtarwa laifin da ake hukuntawa.

To, me ke kanmu? Wanda ya ga zalunci ya yarda ya ba da shaida, ko da wanda aka zalunta ba namu ba ne. Mu raka talaka ofishin 'yan sanda, domin wanda ke da mai tsaya masa ba a cika taɓa shi ba. Mu kai ƙara ga Kwamitin Adalci da Zaman Lafiya na Ikkilisiyarmu. Mu kuma tsare bakinmu gaban yara, gama a tsakar gida ake koyon raina ƙabila.

Ubangijinmu Yesu kansa ya sha mari daga hannun dogari a gaban babban firist, ba kuwa wanda ya tsaya masa. Allah ya ba mu idon gane shi a fuskar duk wanda ake duka. Amin.