Amanar ɗan aike a zamanin intanet

Abu na farko da ake koya wa ɗaliban jami'a a darasin sadarwar kwamfutoci shi ne cewa saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Idan ka tura hoto daga Maraɗi zuwa Kumasi, wayarka za ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ta liƙa wa kowane yanki adireshin mai aikawa da na mai karɓa, sannan ta sake su. Na'urorin da ke kan hanya, waɗanda aikinsu duba adireshi da nuna hanya, su yi ta miƙa wa juna har yankunan su isa, a can a sake harhaɗa su. Wannan tsari da ake kira TCP/IP, Vinton Cerf da Robert Kahn ne suka bayyana tushensa a Amurka a 1974, kuma ranar 1 ga Janairun 1983 ARPANET, kakar intanet, ta koma kansa.

Bahaushe ya san irin wannan tafiya tun kafin kwamfuta. Mutum ya je tasha ya ba direba wasiƙa ko ƙullin kuɗi, direba ya miƙa wa wani a Damagaram, wancan ya ba yaron mota ya kai ƙauye. Saƙon ya bi hannu uku ko huɗu, kuma amana kaɗai ke hana a buɗe shi. Aikina gabatar da shirye-shirye ne a rediyo, kuma yawancin abin da masu saurare ke aiko mini yanzu saƙon murya ne ta WhatsApp. Wata ta faɗi matsalar aurenta, ta roƙi a sakaya sunanta. Ni ta sani, ni ta amince wa. Waɗanda ke kula da hanyar da saƙonta ya bi ba ta san ko ɗayansu ba. Tambayata ita ce: malamin da ke horar da waɗannan mutane, mene ne haƙƙin da ke wuyansa?

Tambayar tana da dalili. Akwai manhaja mai suna Wireshark da ake amfani da ita a ajin gwaji, wadda ke nuna wa ɗalibi yankunan saƙo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Idan ba a kulle saƙon da lambobin sirri ba, zai karanta shi kamar wasiƙar da ba a liƙe ambulan ɗinta ba. Ko an kulle, ana iya ganin wace na'ura ta yi magana da wace, da ƙarfe nawa, har tsawon wane lokaci. A ranar da ɗalibi ya fahimci yadda saƙo ke tafiya, a ranar ya fahimci inda za a tsaya a leƙa shi.

Wasu za su ce to a ɓoye wannan ɓangaren, a koyar da gini kawai. Ban yarda da su ba. Wireshark kyauta ce, kowa na iya sauke ta, kuma ɓarawo ba ya jiran izinin jami'a. Idan aka hana ɗalibin kirki sanin inda katanga ta tsage, an bar gida ba mai gadi. Wanda zai kare kwamfutocin asibiti ko na banki dole ya san dabarar mai kutse.

Wasu kuma za su ce aikin malami fasaha ce, tarbiyya ta iyaye ce da malaman addini. Wannan magana ta fi ta farko ƙarfi, amma ta manta da yadda aka gina intanet ɗin kanta. Manyan kamfanonin sadarwa suna sanar da juna hanyoyin da ke hannunsu ta wata ƙa'ida mai suna BGP, kuma asalinta an gina ta ne a kan yarda: idan wani ya ce hanyar wuri kaza ta wajensa take, sai a gaskata shi. A Fabrairun 2008 gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasarta. Sanarwar da kamfanin sadarwar ƙasar ya yi don cika umarnin ta tsallaka waje, na'urorin wasu ƙasashe suka gaskata ta, YouTube ya ɓace wa mutane a sassan duniya na kusan awa biyu. Ashe amana tana cikin fasahar tun daga tushe. Malamin da ya koyar da BGP bai ambaci nauyin wannan yarda ba, ya koyar da rabin darasi.

Inda maganar ta fi wuya shi ne idan umarni ya zo daga sama. A nan Nijar, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, an katse intanet ta wayar salula na kimanin kwana goma. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. A Kamaru yankuna biyu masu magana da Turancin Ingilishi sun yi kusan wata uku ba intanet a farkon 2017. A jihar Zamfara ta Najeriya an rufe layukan waya a Satumban 2021 da nufin karya lagon ƴan bindiga. Dalilan sun bambanta, kuma ba zan ce duk hujjar tsaro ƙarya ce ba. Wanda aka sace masa ɗa yana da haƙƙin a saurare shi. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan umarni, ba minista ne ya zauna gaban na'ura ya aiwatar da shi ba. Wani injiniya ne, wanda wata rana ya zauna a aji ana koya masa adireshin IP.

Ba na neman malami ya mai da ɗalibansa masu bijire wa hukuma. Saurayi mai iyali da albashi ɗaya, ba adalci ba ne a ɗora masa nauyin ƙasa shi kaɗai. Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi ɗorewa. A koya masa ya nemi umarni a rubuce, ya tambayi wace doka ta ba da izini da ranar da za a buɗe. A koya masa ya faɗa wa na sama da shi gaskiyar abin da rufewar za ta jawo, domin shi ya fi su sanin abin da ke bi ta wayar: kuɗin da ɗan ci-rani ke turo wa mahaifiyarsa, cinikin ɗan kasuwa, kiran mai naƙuda. Sau da yawa mai ba da umarni bai san akwai hanyar da ta fi taƙaita ɓarna ba sai masani ya nuna masa. Sannan a ja masa layin da babu uzuri a tsallaka shi: leƙa saƙon mutum don son rai, ko miƙa wa aboki bayanan kiran matarsa, ko sayar da su.

Kuma wannan ba darasi ne da za a ware masa awa ɗaya a ƙarshen zango ba, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da aka fara buɗe Wireshark a jami'ar Yamai ko ta Maraɗi ko ta Damagaram, a ranar ya kamata ɗalibi ya ji ƙa'ida: saƙonka kaɗai za ka kama, na wani sai da yardarsa. Malami ya tsaya a kan ƙa'idar, ya rage maki ga wanda ya karya ta, kamar yadda zai rage wa wanda ya kuskure lissafi. Ɗalibai suna gane abin da malami ya ɗauka da muhimmanci ta wurin abin da yake hukunci a kansa.

Direban tasha da ya ci amana, gari kan san shi, a daina ba shi saƙo. Injiniyan rezo ba mai ganin fuskarsa, kuma wanda ya cuta ba lallai ya taɓa sanin an cuce shi ba. Tunda idon jama'a ba ya kai wa gare shi, abin da zai tsare shi sai wanda aka dasa masa tun yana aji.