Baƙon da Ya Wuce Zaure Ba Sallama

Duk wanda ya san ginin gidajen Hausa a tsoffin unguwannin Maraɗi, ko a kewayen fadar Sarkin Gobir a Tibiri, ya san ba don ado aka yi zaure ba. Zaure iyaka ne. A nan baƙo namiji yake tsayawa ya yi sallama, a aiki yaro ya faɗa wa maigida, in ya ga dama ya fito. Abin da ke bayan zaure, wato tsakar gida da ɗakunan mata da madafa, ba na idon kowa ba ne. Addini ya zo ya ƙarfafa wannan tarbiyya: aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da neman izini ba, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin mutane don tono asirinsu. Shi ya sa in Bahaushe zai yi wa ɗan'uwansa addu'a mafi tsada, sai ya ce Allah ya rufa asiri.

Ma'aikacin kamfanin wutar lantarki na da, mai zagayawa da littafi da biro, ya san wannan iyaka. Sau ɗaya a wata yake zuwa, ya yi sallama, ya karanta lambar da ke jikin kwantar, ya wuce. Abin da ya tafi da shi lamba ɗaya ce tak, kuma lamba ɗaya a wata ba ta ba da labarin kowa. An yi ta faɗa da shi a kan faktir, an zarge shi da ƙiyasi, amma ba a taɓa jin an ce ya san lokacin da amarya take kashe fitilarta ba.

Yanzu zamani ya juya. NIGELEC, kamfanin da aka kafa a 1968, ya shigo da kwantar mai biya kafin sha, wanda ake saya wa wuta a shago ko ta salula, a sami lambobi 20 a danna masa. A duniya kuwa an riga an wuce nan, an kai ga kwantar mai aika saƙo da kansa, wanda ke auna wutar gida kowane minti 15 ko 30 ya tura wa kwamfutar kamfani, kuma ana iya yanke wuta ta hanyarsa daga ofis. Ya kamata a tsaya a yi tambaya tun kafin irin wannan ya cika bangayen Zariya da Ali Ɗan Sofo: wannan labari da na'ura ke kwasa, na wane ne?

Amsar farko mai sauƙi ce, kuma tana da ƙarfi. Wuta hajar kamfani ce, mai haja kuwa yana da haƙƙin sanin abin da ya sayar. Ba wanda zai ce wa mai gero a kasuwar Maraɗi ya rufe ido lokacin da yake cika tiya. Bayan haka, satar wuta gaskiya ce, kuma mai gaskiya ne ke biyan kuɗin ɓarawo. Wutar da ke zuwa Maraɗi ta layin Katsina zuwa Gazawa ba ta da yawan da za a yi wasa da ita. Mutanen gari sun ga haka da idonsu lokacin da Nijeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024. Kamfanin da ya san lokacin da buƙata take hawa da sauka ya fi iya raba ɗan abin da ke akwai. Wanda ya musanta wannan bai yi adalci ba.

Sai dai tiya tana auna gero ne kawai, ba ta bin buhu har gida ta ga wa aka dafa wa. Awon kowane kwata na awa wani abu ne dabam. Wanda ya zauna da irin wannan lissafi na wata guda zai gane gidan da ake tashi sahur da gidan da ba a tashi. Zai gane ranar da alhaji ya tafi Makka gidan ya zama kango, da daren da aka kwana da fitila saboda majinyaci. Zai gane matar da ke da firiza biyu tana sayar da ƙanƙara da lamurje daga cikin kulle, abin da watakila mai karɓar haraji zai so ya sani. A gidan mai mata biyu da kowace ke da kwantarta, na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ta isa ta nuna wadda ke da girki, da wadda aka tauye wa kwana. Wannan ba almara ba ce. A 2011 masu bincike a birnin Münster na Jamus sun nuna cewa in awon ya matsu zuwa daƙiƙa biyu, ana iya gane shirin da ake kallo a talabijin.

Ko kwantar mai biya kafin sha, da ba ya aika komai, yana barin sawu. Kowane saye yana shiga rajista da ranarsa da kuɗinsa da lambar kwantar. Magidancin da a da yake sayen ta jikka goma a tashi ɗaya, yau ya koma sayen ta dala ɗari kowane kwana biyu, ya rubuta tarihin karyewarsa da hannunsa ba tare da ya sani ba. Yana fita masallaci da babbar rigarsa a goge, maƙwabta ba su san komai ba, ga shi kuwa a rubuce a wani wuri. Abin da ya kwashe shekara yana rufewa kenan. Irin wannan bayani ne mai ba da bashi ta salula zai biya kuɗi ya samu.

Wasu ƙasashe sun riga sun sha wannan muhawara. A 2009 majalisar dattawan Holan ta ƙi amincewa da dokar da za ta tilasta wa kowa karɓar sabon kwantar, bayan masana shari'a na jami'ar Tilburg sun nuna ta ci karo da haƙƙin sirrin gida; dokar da ta biyo baya a 2011 ta bar wa mutum damar ƙi, ko ya karɓa amma a kashe masa aika saƙon. A Amurka, a shari'ar birnin Naperville ta 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta ce awon minti 15 bincike ne na cikin gida, ko da yake ta halatta shi saboda ba don kama mai laifi ake yin sa ba. A Faransa, hukumar CNIL ta ja kunnen kamfanonin EDF da Engie a 2020 kan yadda suke neman yardar masu kwantar Linky. Nijar ma ba ta zauna ba doka ba: akwai dokar kare bayanan mutum ta 2017, wadda ta 2022 ta maye gurbinta, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaronta.

Amma dukan waɗannan dokoki sun jingina ne da kalma ɗaya, wato yarda, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Yardar da aka samu ta hanyar dangwala yatsa a takardar Faransanci, daga mutumin da ke karatu da ajami ko ba ya karatu sam, wanda kuma ba shi da wani kamfani na biyu da zai koma wa, sunanta kawai yarda. In ana son ta zama ta gaske, sai a faɗa masa da Hausa abin da za a kwasa, da wanda zai gani, da tsawon lokacin da za a ajiye, a kuma bar masa zaɓin awon wata-wata ba tare da an ƙara masa ko dala ba.

Akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda masu cewa a miƙa wa mai kwantar bayanansa ba su cika kula da ita ba. Wane ne mai kwantar? Suna ɗaya ne a kan takarda, amma rayuka goma sha biyar ne a bayansa. A gidan haya, sunan mai gida ne. In aka ba shi awon kowace awa a salularsa, an ba shi tagar leƙen ƴan haya, ya san wanda ya yi baƙo da wanda ya kwana waje. A gidan gandu, sunan tsoho ne ko na babban wa. Maigidan da ke fatauci a Kwatano zai iya kallon wutar gidansa daga can, ya bugo waya ya tambayi dalilin kunna fitilar zaure da ƙarfe biyu na dare. An raba gidan da idon kamfani, an haɗa shi da idon da ya fi kusa, ya kuma fi iya cutarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, amma ba su ce mai gida ya san na kowane ɗaki ba.

Kada kuma a ɗauka ɓoyewa ce alheri a ko'ina. A fadamar noman rani ta Jiratawa, inda famfunan lantarki ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, kuɗin wuta yana cikin abin da kowane manomi ke biya wa ƙungiya bayan girbi. Kwantar irin wannan famfo amana ce ta jama'a. Mai ɗan fegin zogale yana da haƙƙin ya ga awa nawa famfon ya yi aiki, ranar wa, da nawa aka biya, kuma shugaban da ya ɓoye wannan da sunan sirri ya ci amana. Haka kwantar lakkwal da ta asibiti da ta masallacin Juma'a. Na'urar iri ɗaya ce da ta gidan gwauruwar da ke Bagalam, lambobin ma iri ɗaya ne. Ta famfon Jiratawa ya dace a liƙa lissafinta a ƙofar magazan ƙungiya kowa ya karanta; ta gwauruwar kuwa, jimillar wata ta ishi kamfani ya rubuta faktir.