Shin Mantuwa Laifi Ce? Darasi Daga Bakin Iyakar Jibiya

Ba safai ake samun kalmar da ke fitar da mutum kunya kamar "na manta" ba. Ɗalibi ya faɗi jarrabawa, ya ce ai ya karanta, mantuwa ce ta same shi. Mai jawabi ya tashi gaban jama'a ya daburce, ya ce kansa ne ya ɗauke. Wanda ake bi bashi ma, in an tare shi, ita ce garkuwarsa. Mu kuwa sai mu karɓa, domin mun saba jin cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. To, tambayar da nake so mu duba tare, ya 'yan'uwana ɗalibai, ita ce: shin mantuwa wata ƙaddara ce da ke faɗo wa mutum kamar ruwan sama, ko kuwa akwai hannunsa a ciki har a ce ya yi laifi? Amsar da na samu, ba a aji na fara samunta ba, a bakin iyaka ne.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Maraɗi ya san sai ya ratsa Jibiya, ya kai Magama inda iyakar take, sa'an nan ya faɗa Ɗan Isa cikin ƙasar Nijar. A nan Magama wani kawuna ya ƙare ƙuruciyarsa yana canjin kuɗi, naira zuwa sefa, sefa zuwa naira. Bai yi boko ba, kuma ba ya riƙe littafi, amma sunan kowane abokin hulɗa da abin da ke tsakaninsu yana cikin kansa. Kowane dare bayan lisha sai ya zauna bisa buzu ya riƙa jero sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin kowa, kamar mai tilawa. Muna yara mukan yi masa dariya.

Cikin watan Agusta na 2019 Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai cikin Afrilu na 2022. Ashe kafin rufewar wani Bamaraɗe ya bar ajiyar sefa a hannun kawuna, babu takarda, babu shaida. Ana cikin haka mutumin ya rasu, magadansa kuwa ba su san da kuɗin ba. Duk tsawon wannan lokaci sunan mamacin bai fita daga tilawar daren nan ba. Da aka buɗe hanya kawuna ya shiga mota ya je ya nemi gidan, ya ƙirga wa marayu kuɗin ubansu. Na tambaye shi yadda aka yi bai manta adadin ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin wanda ya manta kuɗin da yake bin wani? Sai dai wanda ake binsa. Ni kuwa tsoron haka ya sa nake fara ƙirgawa da abin da ake bina."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Watau ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce da ake zuba hatsi a rufe, gona ce, abin da mai ita ya kula da shi shi ke tsira. In kuwa haka ne, dabarun ƙarfafa hadda ba wayon cin jarrabawa kaɗai ba ne, hanyoyi ne na nuna abin da mutum ya ɗauka da muhimmanci. Bari mu duba kaɗan daga cikinsu.

Ta farko ita ce maimaitawa a rarrabe. A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Ya gano cewa zubewar ta fi yawa a sa'o'in farko, kuma maimaicin da aka raba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara wuri ɗaya. Malaman tsangaya ba su jira shi ba. Almajiri yakan biya allonsa da safe, ya sake da yamma, da dare a kewaye wuta, ba kuma a ba shi izinin wankewa sai karatun ya zauna. Gardi ma da ya haddace izu sittin ba ya barin tilawa, domin ya san ranar da ya bari, ranar za ta fara zuba. Mu fa? Sai saura kwana biyu jarrabawa mu sha shayi mu kwana zaune. Bahaushe dai ya ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.

Ta biyu ita ce rufe littafi ka tambayi kanka. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta sake karantawa, wasu kuwa aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda waɗanda aka wahalar da tunowa su suka fi riƙewa. Wannan ita ce hikimar kife allo a biya wa malam da ka, ita ce kuma ta sa alaramma ke zama ya rubuta Alƙur'ani dukansa ba tare da dubawa ba. Sake karatu yana da daɗi, don yakan sa ka ji kamar ka sani. Tambayar kai kuwa tana da ɗaci, don tana tona maka jahilcinka. Ka ga ke nan sai mai gaskiya da kansa ke iya jure mata.

Ta uku ita ce ƙulla abubuwa dami-dami. George Miller ya yi bayani a 1956 cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abu bakwai ba, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa, sai fa in an haɗa ƙanana sun zama babba ɗaya. Ɗan canji a Magama ya san haka a aikace. Ba ya ƙirga sefa ɗaya-ɗaya: biyar dala ce, dubu jika ce, watau dala ɗari biyu. Haka aka raba Alƙur'ani izu-izu, kowane izu kuma tumuni takwas. Waƙa ma dami ce. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta jera sunayen surori 114 cikin waƙa, ga kuma sauran waƙoƙinta da jajis ke koya wa 'yantaru a ƙauyuka, domin abin da aka ɗaure da kari da amsa-amo ba ya saurin warwarewa.

Ta huɗu ta masu magana ce gaban jama'a. Cicero, mashahurin mai jawabi na Rum, ya kawo labarin wani mawaƙin Girka mai suna Simonides, wanda soro ya rushe kan mutanen da ya bari suna walima. Shi ya gane gawawwakin, saboda ya tuna inda kowa ke zaune. Daga nan aka ce ya fahimci cewa wuri yana riƙe tunani. In kana da batutuwa biyar da za ka faɗa a muhawara, ajiye na farko a tashar Katsina, na biyu a kasuwar Jibiya, na uku a Magama, na huɗu a Ɗan Isa, na biyar a Maraɗi. Idan ka miƙe tsaye sai ka kama hanya a zuci, kowane zango ya miƙo maka kayanka.

To, amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Mai musu zai ce akwai mantuwar da ba laifin kowa ba ce, kuma gaskiyarsa. Tsufa, da ciwo, da yunwa, da rashin barci, da fargaba duk suna cin ƙwaƙwalwa. Yaron da aka kora daga ƙauyensu saboda 'yan bindiga, in ya kasa riƙe karatu, zalunci ne a kira shi malalaci. Shari'a ma ta ɗauke wa mai mantuwa zunubi: wanda ya ci abinci da mantuwa yana azumi ba a ce ya yi saɓo ba. Daɗin daɗawa, wata mantuwar rahama ce. Katsina da Maraɗi sun daɗe suna yaƙi bayan da sarakunan Haɓe suka bar birnin a zamanin jihadi suka kafa sabon mazauni a arewa. Da jikokinsu sun riƙe kowace gaba kamar yadda kawuna ya riƙe bashi, da ba a yi auratayya da cinikayya a wannan hanya ba.

Akwai kuma wani abin da dole in faɗa, ko da ya taɓa kawuna. Da shi ya riga Bamaraɗen nan rasuwa, da kuɗin marayu sun bi shi kabari. Aflatun ya kawo tsoron cewa rubutu zai raunana hadda, kamar yadda muke tsoron wayar hannu a yau, amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umurni ne da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Wanda ya san kansa zai iya ɓata masa, ya ƙi ɗaukar alƙalami, ya dogara da abin da ba shi da tabbas. Hakanan mai jawabin da ya manta wanda ya faɗi wata magana, ya laƙa wa wani malami don kada ya ji kunya, ya fita daga mantuwa ya shiga ƙarya. Ya ce "ban tuna ba" ya fi masa mutunci.

Saboda haka ga inda na tsaya. Ita kanta mantuwa ba laifi ba ce, halitta ce. Laifin yana cikin abin da ya gabace ta: ka san za ka manta, ka san hanyar tsarewa, ka ƙi bi. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne, mutum ya duba wa mantuwarsa ke amfana. In kullum ranar karɓar alawus ba ta ɓace maka, amma ranar mayar da littafin da ka ara tana ɓacewa, to ba ƙwaƙwalwarka ce ke da rauni ba, zuciyarka ce ta yi zaɓi. An ruwaito cewa Imamu Shafi'i ya kai kukan raunin hadda wurin malaminsa Waki'u, shi kuwa bai ba shi laya ba, gyaran hali ya nuna masa.

Mu ɗalibai ajiya ce a hannunmu. Iyaye sun sayar da hatsi da dabbobi sun turo mu, gobe kuma marar lafiya ko ɗan makaranta ko mai ƙara zai zo neman abin da aka ce mun sani. Ranar nan "na manta" ba za ta warkar da kowa ba. Ya kamata kowannenmu, kafin ya kwanta, ya rufe littafi ya jero abin da ake binsa, na karatu da na mutane, kamar yadda tsohon nan na Magama ke yi bisa buzunsa. Allah Ya sa mu dace, amin.